Kun Tambaya, Mun Amsa: Tsaron Ɗan'adam a Siyasar Duniya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun fi taruwa a kan kalma guda, wato "tsaron ɗan'adam", wadda ake yawan ji a bakin jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya da malaman jami'a. Wasu ma'anarta suke nema, wasu kuwa zarginta suke yi. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun rage su.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar siyasa. An koya mana cewa tsaron ƙasa daban, tsaron ɗan'adam daban. To ai in ƙasa ta tsaru, mutanen cikinta ma sun tsaru. Ina bambancin, kuma wa ya fara kawo maganar?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya uku za ki riƙa yi duk lokacin da aka ce tsaro: wa ake tsarewa, daga me, kuma da wane kayan aiki? A tsohon lissafi, wanda masana kan danganta tushensa da sulhun Westfaliya na 1648, abin tsarewa ita ce ƙasa, wato iyakokinta da gwamnatinta da ikonta na cin gashin kai. Abin tsoro sojan wata ƙasa ne, maganinsa kuma soja da makami da ƙawance. Tsaron ɗan'adam ya ɗauke ma'aunin daga kan iyaka ya ɗora shi a kan mutum: shin zai kwana lafiya, ya tashi ya sami abin ci, ya fita ya dawo ba a taɓa shi ba?

Zaton da kika yi, cewa tsaron ƙasa yana haifar da na jama'a, shi ne ainihin abin da tarihi ya ƙaryata. A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana kamar 100, kuma masu kisan ba baƙi ba ne, dakarun gwamnati ne da 'yan daba da maƙwabta. Ko a inda gwamnati ba ta da mugun nufi, alƙaluma na nuna cewa abin da ke cin rayuka ba kasafai yake zuwa da tankar yaƙi ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum 464,000 aka yi wa kisan kai a duniya, alhali waɗanda suka mutu a fagen yaƙi a shekarar 89,000 ne, na ta'addanci kuma 26,000. Zazzaɓin cizon sauro shi kaɗai yana ɗauke rai wajen 600,000 a shekara.

Kalmar ta yi fice ne da rahoton ci gaban ɗan'adam na 1994 da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar, a ƙarƙashin jagorancin masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq. Yaƙin cacar baka ya ƙare ke nan, ana sa ran kuɗin makamai zai koma asibiti da makaranta. Rahoton ya raba ma'anar gida biyu: kuɓuta daga barazanar da ta zauna daram, kamar yunwa da cuta da danniya, da kuma kariya daga girgizar da ke faɗowa kwatsam ta wargaza rayuwar yau da kullum. Sannan ya lissafa fannoni bakwai: tattalin arziki, abinci, lafiya, muhalli, lafiyar jiki daga duka da kisa, zaman al'umma da asalinta, da 'yancin siyasa. Taken nan biyu da za ki ga ana ta maimaitawa, kuɓuta daga tsoro da kuɓuta daga rashi, sun girmi rahoton, domin daga jawabin shugaban Amurka Franklin Roosevelt na watan Janairun 1941 aka aro su.

Malamai, ni dai ban ga sabon abu a nan ba. Abinci da lafiya ai su ne ci gaba, 'yancin siyasa kuma haƙƙin ɗan'adam ne. Ba tsohon kaya aka sake wa suna ba?

Malam, kana da abokan ra'ayi a cikin masana. Roland Paris ya yi wannan suka a wata maƙala a 2001, inda ya nuna cewa kalmar da ta haɗiye komai, daga kisan kiyashi har gurɓatar iska, ba za ta iya gaya wa mai kasafin kuɗi abin da zai fara da shi ba. Sukar tana da gaskiya, har ma ita ce ta raba masu goyon bayan kalmar gida biyu. Kanada da Norway, waɗanda suka jagoranci kafa ƙawancen ƙasashe a kan tsaron ɗan'adam a 1999, sun taƙaita ta ga tashin hankali: nakiyoyi, ƙananan makamai, yaran da ake sa wa kaki, kare farar hula a lokacin yaƙi. Japan kuwa ta riƙe ma'ana mai faɗi. Ita ce ta zuba kuɗin da aka buɗe asusun tsaron ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da shi a 1999, ita ce kuma ta tsaya wa hukumar da Sadako Ogata da Amartya Sen suka shugabanta, wadda ta miƙa rahotonta a 2003.

Amma a ganinmu akwai abu guda da kalmar ta ƙara, kuma dalilin shigowar Japan ne ya fi bayyana shi. Kafin 1997 ana yaba wa Tailan da Indonesiya da Koriya ta Kudu da saurin bunƙasa. Da rikicin kuɗi ya faɗo a shekarar, kuɗin Indonesiya ya rasa wajen kashi 80 cikin 100 na darajarsa, miliyoyin da aka riga aka ƙirga a cikin waɗanda suka fita daga talauci suka koma cikinsa a 'yan watanni, tarzoma ta ɓarke, mulkin Suharto ya faɗi a watan Mayun 1998. Lissafin ci gaba yana duba yadda jama'a ke hawa sama a dunƙule. Tsaron ɗan'adam yana tambayar wa zai fara faɗowa in tsanin ya girgiza, kuma me aka shimfiɗa masa a ƙasa. Ƙasa biyu na iya yin kunnen doki a kuɗin shiga, amma a ɗaya in magidanci ya kwanta ciwo wata biyu sai an cire yaro daga makaranta an sayar da jari, a ɗayar kuwa akwai inshora da tallafi da za su riƙe gidan.

Da haƙƙin ɗan'adam kuwa, dangantakar ta fi kusa. Haƙƙi yana da yarjejeniyoyi da kotuna, yana gaya maka abin da kake bi da wanda kake bi. Tsaron ɗan'adam ba shi da kotu ko ɗaya. Amfaninsa shi ne jera abubuwa bisa gaggawa a wuri takamaimai. In aka yi amfani da shi ba tare da wannan jeri ba, to, gaskiyarka, suna kawai aka sake.

Ku gafarce ni, amma ni ina ganin wannan wata sabuwar dabara ce ta manyan ƙasashe don su shiga ƙasar mutane da sunan ceto. Ba da irin wannan bakin aka rushe Libiya ba?

Ɗan'uwa, tsoronka ba na banza ba ne, kuma ƙasashe da yawa sun faɗe shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, gara mu warware su.

Na farko shi ne aƙidar alhakin karewa. Ta fito ne daga rahoton wata hukuma da Kanada ta kafa, wadda Gareth Evans na Ostareliya da Mohamed Sahnoun na Aljeriya suka shugabanta, a 2001. Abin da ya haife ta kunyar Ruwanda ce da ta Srebrenica a Bosniya, inda aka kashe maza sama da 8,000 a watan Yulin 1995 a garin da Majalisar ta ayyana a matsayin mafaka. Shugabannin duniya sun amince da ita a taron ƙoli na 2005, a sakin layi na 138 da 139 na sanarwar taron, kuma sun ɗaure ta da igiya biyu. Laifi huɗu kaɗai ta shafa: kisan ƙare-dangi, laifukan yaƙi, korar ƙabila daga mazauninta, da laifukan cin zarafin bil'adama. Sannan amfani da ƙarfi sai ta hannun Kwamitin Sulhu. Yunwa ko annoba ko talauci ba sa cikin jerin. Abin lura kuma, Tarayyar Afirka ta riga su: sashe na 4(h) na kundin kafa ta na shekarar 2000 ya ba ta ikon shiga ƙasar da ake aikata kisan ƙare-dangi ko laifukan yaƙi. Saboda haka ba daidai ba ne a ce tunanin na Turawa ne su kaɗai.

Na biyu shi ne tsaron ɗan'adam, wanda ya sami nasa sakin layi daban, na 143, a wannan sanarwar.

Libiya ta faɗa ƙarƙashin na farko ne. Ƙuduri mai lamba 1973 na ranar 17 ga Maris 2011 ya ba da izinin kare farar hula da hana shawagin jirage. Ƙasa 10 suka amince, 5 suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil. Abin da ya biyo baya shi ne jiragen NATO suka ci gaba da ruwan wuta har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, aka kashe shi a watan Oktoba. Masu ƙauracewar suka ce izinin kare mutane aka ba da, ba na sauya gwamnati ba. Kuskuren ba a nan kaɗai ya tsaya ba: babu wani shiri na tattara makamai ko riƙe ƙasar bayan faɗuwar gwamnati, rumbunan makamai suka buɗe, kayan suka bazu har yankin Sahel. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da rikicin Siriya ya zo, Rasha da Sin suka yi ta hawa kujerar na-ƙi, farar hular can suka ɗanɗana kuɗar abin da aka yi a Libiya.

Wannan zargi ne ya sa da Babban Taron Majalisar ya zo tsayar da ma'anar tsaron ɗan'adam a ƙuduri mai lamba 66/290 na watan Satumban 2012, sai da aka rubuta ƙarara cewa ya bambanta da alhakin karewa, ba ya ƙunsar barazana ko amfani da ƙarfi ko tilastawa, ba ya maye gurbin tsaron ƙasa, kuma gwamnatin kowace ƙasa ce mai alhakin farko. A takarda dai, ba za a iya kafa hujjar kai hari da wannan kalma ba. Mu kuwa abin da ya fi damun mu shi ne ɗaya ɓangaren: an sami amincewar kowa ne bayan an cire wa kalmar haƙora. Inda gwamnati ce da kanta barazanar, ƙudurin ba shi da abin cewa.

Ina aiki da wata ƙungiyar agaji. An ce mu saka tsaron ɗan'adam a cikin tsarin aikinmu, amma ba wanda ya gaya mana yadda ake yi. Ta ina ake farawa, kuma da me ake aunawa?

Malama, babu ma'auni guda da duniya ta yarda da shi, kuma kada ki ɓata lokaci wajen neman lamba ɗaya da za ta haɗe fannoni bakwai. Abin da ake da shi hanyar aiki ce, da kuma ma'aunai na kowane fanni.

A fara da rarraba mutanen. Matsakaicin lissafi na yanki yana ɓoye waɗanda ake nema. A raba su ta hanyar cin abincinsu, manomi da makiyayi da ɗan ƙwadago da mai ƙaramar sana'a, sannan ta jinsi da shekaru, da mazauni da ɗan gudun hijira. Daga nan a lissafa barazanar kowane rukuni daga bakinsu, maza daban mata daban, domin abin da mace ke tsoro a hanyar ɗebo ruwa ba zai fito a taron da maza suka cika ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kowace barazana a auna ta da abu uku: muninta, yawan waɗanda za ta taɓa, da saurin zuwanta. Sai a bi sarƙar, wato wace ce ke jawo wace. Fari yana kashe dabbobi, rashin dabbobi yana tura mutane ƙaura, ƙaura tana jawo rikici a kan rijiya, rikici yana rufe asibiti. Inda sarƙar ta fi sauƙin tsinkewa, nan ake zuba kuɗi. A ƙarshe kowane shiri ya kasance da ƙafa biyu, kamar yadda hukumar Ogata da Sen ta tsara: kariya daga sama, irin su doka da 'yan sanda da asibiti da tallafi, da kuma ƙarfafawa daga ƙasa, wato abin da mutanen za su iya yi da kansu bayan kun tafi.

Ga lambobin aiki. A sansanin gaggawa, ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi sun sa mafi ƙarancin ruwa lita 15 ga mutum a rana, famfo kada ya wuce nisan mita 500, masai ɗaya ga mutum 20, abinci kalori 2,100 a rana, rufin kwana murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da kaurin damtsensa ya gaza santimita 11.5 yana cikin tamowa mai tsanani. Ma'aunin ƙarancin abinci na IPC, wanda aka fara ƙirƙira a Somaliya a 2004, yana da mataki 5, kuma ba a ayyana na biyar, wato yunwar da ake kira bala'i, sai abu uku sun haɗu: aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje ba su da abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin 100 na yara suna da tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa a kowace rana.

A nan ne kuskure mafi girma yake. Ki lura cewa sharaɗi na uku gawa ce. Duk wanda ya jira a ayyana mataki na biyar kafin ya motsa, ihu bayan hari ya yi. A Somaliya an ayyana yunwa a ranar 20 ga Yulin 2011, alhali gargaɗi yana ta fita tun a 2010. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta mutum kusan 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma wajen rabin mace-macen sun auku kafin sanarwar. Dalilan a bayyane suke: masu ba da kuɗi sun tsaya jiran tabbas, Al-Shabab ta hana ƙungiyoyi da dama shiga kudanci, dokokin yaƙi da ta'addanci na Amurka kuma sun sa ƙungiyoyin tsoron kada kayansu su faɗa hannun mayaƙa a tuhume su. Ga tsaron ƙasa nan ya taka tsaron mutum a fili.

Don haka abin da za ku sa ido a kai alamun farko ne: farashin hatsi a kan ladan ɗan ƙwadago na yini, mudu nawa akuya ɗaya ke saya yau in aka kwatanta da bara, ko mutane sun fara sayar da dabbobin haihuwa da kayan noma, ko an koma cin abinci sau ɗaya. Binciken Amartya Sen a kan yunwar Bengal ta 1943 ya nuna mutane na iya mutuwa abinci na kasuwa, in farashi ya gudu ya bar lada a baya. Shi ya sa inda kasuwa ke ci, ba da kuɗi a hannu yakan fi jigilar buhuna sauri da araha, inda kuwa hanya ta yanke, kuɗin sai ya ƙara hura farashi. Ku kuma tsayar da sharaɗin sakin kuɗi tun kafin abin ya zo, a rubuce, yadda ba sai an zauna taro ba. An gwada haka a Bangladesh a watan Yulin 2020: da hasashen ambaliya ya kai matakin da aka ajiye, asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 cikin awa 4, tallafin ya fara isa kafin ruwan ya kai ƙololuwa.

Abu na ƙarshe da ake mantawa: a duba ko maganin wani fanni zai ɓata wani. Rijiyar burtsatse da aka haƙa ba tare da an daidaita wa ke da ikon shayarwa ba tana iya zama sabon filin faɗa. Masai da aka gina nesa ba fitila, mata ba za su je da dare ba.

Shekara 30 ke nan ana maganar nan. Ku nuna mana abu ɗaya da ta haifar wanda ake iya taɓawa da hannu.

Yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane. Soja yana kallon nakiya a matsayin makami mai araha na tsare iyaka. Da aka juya tambayar zuwa wa take kashewa, sai aka ga yawancinsu farar hula ne, manoma da yara, shekaru bayan an daina yaƙin. A watan Oktoban 1996 ministan harkokin wajen Kanada, Lloyd Axworthy, ya ƙalubalanci ƙasashe su dawo cikin shekara guda su sa hannu. An kauce wa zauren kwance ɗamara na Geneva, inda ƙasa ɗaya ke iya tsayar da kowa, aka tafi da masu so kawai tare da ƙungiyoyin farar hula. A watan Disamban 1997 ƙasa 122 suka rattaba hannu, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Maris 1999. Sharuɗɗanta na da wa'adi: a lalata na ajiya cikin shekara 4, a share na ƙasa cikin shekara 10. An lalata sama da nakiya miliyan 50 na ajiya, Mozambik ta ayyana kammala sharar nata a 2015. Kotun hukunta manyan laifuka ta Hague, wadda aka amince da dokarta a Rum a 1998 ta fara aiki a 2002, da yarjejeniyar cinikin makamai ta 2013, duk daga wannan tsatson suke.

Amma a faɗi ɗaya gefen. Amurka da Rasha da Sin ba su taɓa shiga yarjejeniyar Ottawa ba. A 2025 kuma, saboda yaƙin Yukiren, Polan da Finlan da ƙasashen Baltik uku suka ɗauki matakin ficewa. Da tsoron mamaya ya dawo, tsohon lissafi ya dawo da shi.

Misalin da ya fi burge mu ba yarjejeniya ba ce ma. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a inda yanzu ake kira Bangladesh, ta 1991 ta kashe wajen 138,000, guguwar Sidr ta 2007 kuwa, duk da ƙarfinta, 'yan dubbai ta kashe. Guguwar ba ta yi sanyi ba. Abin da ya sauya shi ne hasashen yanayi, da dubban mafaka na kankare masu tsayi da ake karatu a cikinsu a ranakun lafiya, da dubun-dubatar 'yan sa-kai masu bin gida-gida da lasifika da tutoci.

A lokacin Ebola da korona mun ji ana cewa cuta barazanar tsaro ce. Wannan ci gaba ne ko haɗari?

Duka biyun, Malam. Kalmar tsaro tana buɗe asusu da sauri. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1308 a kan cutar ƙanjamau a shekarar 2000, sannan mai lamba 2177 a watan Satumban 2014, wanda ya kira Ebola barazana ga zaman lafiyar duniya. Bayan na biyun ne kuɗi da ma'aikata da jirage suka kwarara zuwa Gini da Laberiya da Saliyo, inda cutar ta kama sama da mutum 28,000 ta kashe sama da 11,000.

Haɗarin shi ne in aka ce tsaro, wanda ke amsawa mai bindiga ne. A watan Agustan 2014 an sa sojoji sun killace unguwar West Point a Monrobiya, babban birnin Laberiya, aka yi arangama, aka harbi wani yaro ya mutu, abinci ya yi tsada, bayan kwana 10 aka janye. Killacewa da ƙarfi tana sa mutane su ɓoye marasa lafiya, ɓoyewa kuwa ita ce abincin annoba. Abin da ya karya Ebola shi ne bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai cutar har kwana 21, da jana'iza mai kiyaye lafiya wadda dangi da malaman addini suka yarda da ita.

Akwai kuma tambayar tsaron wa. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun wajabta wa ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 bayan ta tantance ɓarkewar cuta mai haɗari. Amma da masanan Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona mai suna Omicron a watan Nuwamban 2021, ladan da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jirage. In mai faɗin gaskiya ne ake hukuntawa, na gaba zai yi shiru.

A taƙaice, wa zai biya kuɗin duk wannan?

Rahoton 1994 ya zo da lissafinsa: a riƙa rage kuɗin soja da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, ƙasashe masu tasowa su ware kashi 20 cikin 100 na kasafinsu ga buƙatun farko kamar makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da ruwan sha, masu ba da agaji su ma su ware kashi 20 na agajinsu, a kuma sa ɗan haraji a kan hada-hadar canjin kuɗi ta duniya. Taron ƙolin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ci gaban al'umma da aka yi a Kopenhagen a 1995 ya karɓi tsarin 20 da 20, amma a matsayin ganin dama. Harajin bai taɓa tabbata ba.

Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Stockholm ta ƙiyasta kuɗin sojan duniya a 2024 a kan dala biliyan 2,718. Duk roƙon agajin gaggawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a shekarar bai kai dala biliyan 50 ba, wato kuɗin sojan mako guda, kuma da ƙyar aka sami kusan rabinsa. Alƙawarin 1970 na cewa ƙasashe masu arziki su ba da kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarsu, 'yan ƙalilan ne irin su Norway da Luksambog da Suwidin da Denmak suka cika shi a 2024, matsakaicin sauran kuwa ya tsaya wajen rabin haka. A 2025 Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage nata agajin zuwa kashi 0.3 cikin 100 nan da 2027, ta ce kuɗin da aka rage kasafin soja za shi.